Na zare kile ban yi ejekte ba, yanzu cewa yake sai an fomate. Wai da gaske zamanin disket ba a irin wannan?

MaiTuri_Yelwa (Garwa)

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana kwamfuta ku agaza min, tun jiya da la'asar wlh ko abinci ya ƙi shiga. Ina da ɗan shago nan Yelwa, turi nake yi, wa'azi da karatu da finafinai a kart memwar, sannan akwai firinta ɗaya da injin fotokofi ina ɗan taɓa aikin sekretariya. Jiya 'yar maƙwabcinmu ta zo, a jami'a take karatu a Dang can Ngaundare, ta zo gida da memwar ɗinta, wato kundin bincikenta na gama makaranta, shafi 84, sutnans, wato ranar kare shi gaban malamai, saura sati biyu. Malaminta ya bi ya cika mata shi da jan biro, muka zauna tun bayan azahar tana karanto gyaran ina shigarwa, kuma laifina na farko kenan a kan kilen nata muke aikin kai tsaye, wato abin da 'yan Najeriya ke ce wa filash, ban kwafo shi cikin kwamfuta ba.

Mun gama har na buga mata kwafi ɗaya a takarda, tana dubawa sai ta ga sunan kawunta ba daidai ba a shafin godiya, na gyara na danna Ctrl S, daidai lokacin wani ɗan moto yana bakin ƙofa yana ta danna min oda wai kart ɗinsa fasinja na jiransa, ramin USB kuma ɗaya ne tak ke aiki a gaban kwamfutar, kawai sai na fizge nata ban yi ejekte ba, wato ban gaya wa kwamfuta zan cire ba, na soka nasa. Na ga 'yar jar wutar kilen tana ƙiftawa da idona amma hannu ya riga ya tafi. Word ma ban rufe ba.

Ta je gida ta sa a nata kwamfutar sai ga saƙo wai dole a fomate, wato a share shi a sake tsarawa, kafin a yi amfani da shi. Ta dawo da hawaye, na sa a tawa, haka, na kai wa maƙwabcina mai siber, haka. Ba memwar ɗin kaɗai ba ne a ciki, hotunan da ta ɗauko a ƙauyuka wajen bincike da lissafinta na Excel duk suna nan, kuma ba ta da wani kwafin ko'ina. Babanta bai ce min komai ba, shirun nan ya fi duka zafi.

Tambayata biyu ce. Ta farko akwai yadda za a yi ko shi kenan? Ta biyu kuma, Kawuna ya yi aikin buga takardu a ofis shekaru da dama, da ya ji labarin sai ya ce su a zamanin disket ba wani ejekte, maɓalli kake dannawa ya tofo maka abinka kuma bai taɓa asarar ko harafi ba, wai kayan yanzu ne duk na banza. Gaskiya ne? In gaskiya ne to ina amfanin ci gaban?

Injiniya_235 (Njamena)

Wa alaikumus salam. KAR KA FOMATE. Kar ka bari kowa ya danna komai, kar a yi chkdsk ɗin nan na gyaran diski a Windows, kar a kai wa wani wai zai gwada sa'a, kuma ka daina soka shi kwamfuta kwamfuta. Nannaɗe shi a takarda ka sa a aljihun gaba. Ina wajen aiki yanzu, bayan isha'i zan rubuto maka yadda za a yi dalla dalla. Mafi yawan lokaci kayan suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta ɓata.

BabaDOS (Marwa)

Ɗana sannu, Allah ya fitar da kai. Maganar ceto kayan na bar wa Injiniya, su ne 'yan yayi, ni tambayarka ta biyu ce ta taso ni daga kishingiɗe don na ci wannan zamanin da Kawunka ke faɗa, tun wajen 1991 nake kwance injinan nan ina ɗaurawa.

Kawunka ya faɗi rabin gaskiya. Disket ba ya buƙatar ejekte saboda shi DOS, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a lokacin, ba ya maka alkawarin ƙarya. In ka ce ya kwafa, to tsayawa yake cak ba ya sauraron kowa sai ya gama, kana jin ƙarar injin, gurr gurr tak tak, koriyar wuta na kunne, sai ya gama sannan alamar A:\> ta dawo tana jiranka. Kunnenka ya shaida idonka ya shaida. Ejekte ɗinmu kenan, darasin farko da ake koya wa sabon yaro a ofis, in wuta na kunne hannunka a cinya. Wanda ya danna maɓallin nan wuta na ci wlh shi ma asara yake yi irin taka sak, sai injin ya jefo masa saƙon kuskure Abandon, Reprise, Echec? ya zauna yana zufa. Sai dai asarar ba ta da yawa don duka disket ɗin 1.44 MB ne, hoto ɗaya na wayar yanzu ba zai shiga ba, in ya mutu wasiƙa goma ce ta tafi ba rayuwar mutum gaba ɗaya ba.

Kuma ko a wancan lokacin an fara wannan dabarar ta riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa kafin a sauke. Akwai wani SMARTDRV, a MS-DOS 6 yakan riƙe abin da za a rubuta a babban diski na ɗan lokaci don inji ya yi sauri, mutane kuma sun saba da zarar sun ga C:\> sai su kashe makunni su tafi gida, washegari a tarar da ɓarna. Sai a 6.2, shekarar 1993, aka gyara ya zama ba ya dawo maka da alamar sai ya sauke abin da ke hannunsa. Ka ga ciwon ba na yau ba ne.

Waɗanda suka fi kowa wayo a ganina su ne Apple. Macintosh tun na farko na 1984 ba shi da maɓallin fitar da disket kwata kwata. Na fara ganinsa wajen wasu Turawa masu aikin fassara a nan Marwa, na duba gaba na duba baya ba maɓalli, ashe sai ka ja hoton disket ɗin ka kai kwandon shara a allo, abin ban tsoro ga baƙo, sannan injin ya ƙarasa rubutunsa ya turo maka shi da kansa. In ya maƙale akwai wani ɗan rami da ake soka waya a miƙe. Wato ba su yarda da hannun ɗan Adam ba sam, sun kulle ƙofa sun riƙe makulli. Haka CD, in kana ƙona faifai ka danna maɓalli har gobe ba zai buɗe ba. Haka babban disket ɗin Zip na kamfanin Iomega mai 100 MB da ya zo tsakiyar shekarun 1990. Shi ko USB da ya zo 1996 an yi shi ne don a soka a zare inji na kunne, ka leƙa bakinsa da tocila za ka ga ƙarafa huɗu, biyun gefe na wuta sun fi na tsakiya tsawo don su fara taɓawa su kuma zama na ƙarshen rabuwa. To wannan ya kare injin daga ƙonewa, amma ba wanda ya sa masa kwaɗo, ƙofa a buɗe take ga duk mai gaggawa irinka, hhh yi haƙuri.

Babban diski kuwa labarinsa daban, nan ne muka sha wuya. Faifai ne ke juyawa a ciki, na da sau 3600 a minti, allurar karatu tana shawagi a kan iskar da juyawar ke tasowa, tazarar ko ƙwayar ƙurar hunturu ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. In wuta ta ɗauke faifai ya tsaya iska ta ƙare, allura sai ta kwanta duk inda take, kan bayananka kenan. Shi ya sa tsofaffin injina masu 10 MB da 20 MB kafin ka kashe, balle ka ɗaga, sai ka buga PARK, allurar ta koma can gefe inda ba rubutu ta kwanta. Har a BIOS, wato saitin inji na tushe, akwai gurbin da ake rubuta lambar wurin kwanciyar. Na taɓa ɗaukar wani inji a bayan moto daga Domayo zuwa wajen kasuwa na manta ban yi PARK ba, ga hanyar nan tamu, da muka kunna sai wani ƙara kamar ana kankare tukunya da cokali, lissafin shekara biyu na mai shi, ranar na san Allah ɗaya ne. Daga baya masu ƙira suka yi wata dabara da har yau take burge ni, in wuta ta yanke faifan ai bai tsaya nan take ba yana ci gaba da juyawa, sai motar da ke juya shi ta koma janareto, 'yar wutar da ta bayar ita ke jan allura ta kai ta makwancinta kafin faifan ya tsaya. Daga nan PARK ya mutu.

Zamanin Windows 95 da 98 kuma sai ka jira baƙin allo mai rubutu ruwan lemo ya ce maka yanzu kana iya kashewa, sannan ka danna makunni da hannu. In ka yi ganganci ko aka ɗauke kuran, wato wuta, da ka kunna sai ScanDisk ya tare ka da shuɗin allo yana ta ƙirga, ya tattaro maka gutsattsarin fayil masu suna FILE0000.CHK waɗanda ko mai su ba ya gane su. Ka gaishe min da Kawun naka ka tambaye shi ko ya tuna wannan.

AddaSekretariya (Ngaundare)

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya, ka tuna min da nisa. Amma Kawun nan dai a gaya masa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Bai taɓa asarar harafi ba? Ni shekara 24 ina wannan sana'ar, ɗaliban Dang a hannuna da yawa suka gama, kuma babu abin da ya sa yara kuka a shagona kamar disket. Zafi ya kashe shi, ƙura ta kashe shi, damina ta zo ya yi fumfuna, a ajiye shi kan sifika ko kusa da rediyo maganaɗisu ya share shi, yaro ya sa a aljihun baya ya hau moto ƙarfen bakin ya lanƙwashe. Ɗalibi mai hankali uku yake saye ya raba aikinsa babi babi, duk da haka ranar bugawa sai ɗaya ya ƙi.

Kuma akwai wata masifa da Baba bai faɗa ba, mutum yana aiki a Word a kan disket, bai rufe ba sai ya cire ya sa wani wai zai ɗauko hoto, injin kuma bai daina neman na farkon ba, sai a wayi gari aikin ya dagule, wani lokaci har na biyun ya shafa. To ba abin da kai ka yi ba kenan ƙanena? Aiki a buɗe aka janye masa ƙasa.

Abu ɗaya da nake kewa shi ne ɗan makullin nan na kusurwa, ka tura shi rami ya buɗe shi kenan ba mai rubuta komai a ciki, ko bayros bai isa ba. Kamar kaset da muke karya wa ɗan kunne don kar yara su ɗauki surutu a kan wa'azi, in ana so a sake ɗauka a liƙe da salatif. Babban kart na kyamara har yanzu yana da shi a gefe, kile kuwa an daina sai ɗai ɗai. Kaset ma ai ya fi su duka haƙuri, in rediyo ta cinye zare sai ka yanke inda ya tauna ka haɗa da jan farce ka naɗe da biro, kalma biyu ka rasa sauran na nan.

Ni dokar shagona yanzu, duk wanda ya kawo kile sai na kwafo aikin cikin kwamfuta, a nan za a yi gyara, in an gama a mayar, sannan ɗalibi ya tura wa kansa ta imel ko WhatsApp a gabana kafin ya biya ni. Wanda ya ce ba shi da kiredi in ba shi waifai.

Dogo_Kusiri

ni fa gsky ban yarda da wannan ejekte ɗin ba, shekara goma ina fizgewa yadda na ga dama ko sau ɗaya ban taɓa ganin komai ba. inaga kilen yarinyar ne dama jabu, irin na bakin gada ɗin nan da ake rubuta 64 GB a jiki alhali cikinsa ko 8 bai kai ba

Injiniya_235 (Njamena)

To na dawo. Baba na gode, ni PARK a labari kawai na san shi.

Hamma MaiTuri bari in fara da abin da ya faru sannan maganin. Ka ɗauki kilen kamar sito ne na ɗan kasuwa, buhuna jibge a ɗakuna, a bakin ƙofa kuma akwai littafin mai gadi da ya rubuta buhun wane yana ɗaki kaza, ci gabansa yana ɗaki kaza, don fayil ɗaya ba lallai ya zauna wuri ɗaya ba, a warwatse yake. Wannan littafin shi ne FAT, yawancin ƙananan kile FAT32 ne, tsarin da ya fito tun 1996, manya kuma exFAT na 2006. Duk adanawa ɗaya aiki uku ne aƙalla, a zuba kayan, a gyara littafin, a gyara sunan da girman a dosiye, wato folda. In ka yanke a tsakiya sai kaya su shiga littafi bai sani ba, ko littafi ya ce suna nan alhali ba su iso ba. Shi Word kuma ba a kan tsohon fayil yake rubutawa ba, sabo yake yi na wucin gadi, in ya kammala ya kawar da tsohon ya ba sabon sunansa, kai kuma a tsakiyar wannan musayar ka fizge.

Sai kuma halin filash kansa. Ba a iya goge masa harafi ɗaya a sa wani, sai dai a share babban yanki gaba ɗaya a sake rubutawa, kuma akwai wani ɗan ƙaramin inji a cikin kilen da ke ta kwashe kaya daga nan zuwa can yana riƙe da tasa taswirar daban wadda Windows ma bai san da ita ba. In wuta ta yanke masa yana tsakiyar kwasa, ɓarnar tana iya shafar abin da ba ka ma taɓa ba, har shafin farko da ke gaya wa kwamfuta ni FAT32 ne ga girmana. In wannan shafin ya tafi Windows sai ya ga kamar sabon abu ne da ba a taɓa tsarawa ba, shi ne yake ce maka a fomate. Buhuna na ciki, bangon littafin ne ya yage.

Dogo, ba kullum ake kwana a gado ba. Dalilin da ya sa kake tsira shi ne Windows yana ɗaukar kile a matsayin abin da za a iya fizgewa, ba ya riƙe masa rubutu a ƙwaƙwalwa sosai, kuma daga Windows 10 sigar 1809 Microsoft ta mai da wannan tsarin ya zama shi ne na asali ga duk abin ajiya da aka soka ta waje. To in ba a rubuta komai lokacin da ka zare yawanci lafiya lau. Amma wannan bai hana komai ba in ana cikin rubutu, kuma a Mac da Linux da wayar Android labarin daban ne, su kamar ɗan aiken da ka ba saƙo ya ce maka an gama alhali yana tsaye a zaure yana jira saƙonni su taru ya kai gaba ɗaya. Layin kwafi ya cika a allo, kayan na ƙwaƙwalwa ba su sauka ba. Ejekte shi ne ka ce masa je ka kai yanzu, ka dawo ka faɗa min, in kuma wani shiri yana riƙe da fayil a buɗe ya gaya maka. Tsofaffin masu tsarin Unix kafin su kashe inji umarnin sync, mai sauke abin da ke ƙwaƙwalwa, suke bugawa har sau uku saboda wannan. Maganar jabu kuwa ka yi gaskiya akwai su cike da kasuwa, amma alamarsu daban, suna karɓar kaya lafiya sai an wuce ainihin cikinsu sannan fayiloli su riƙa buɗewa fanko. Sabon kile a gwada shi da shirin H2testw kafin a ba shi amana.

NTFS, tsarin babban diskin kwamfutarka da ya fito tun 1993, yana da abin da FAT ba shi da shi, kafin ya taɓa littafi sai ya rubuta a gefe zan yi kaza da kaza, in wuta ta ɗauke ya dawo ya duba ya ƙarasa ko ya janye. Shi ya sa yanzu ba ka ganin ScanDisk ɗin Baba duk da yadda ake ɗauke mana kuran. Amma tsarin sito yake karewa, ba ya dawo maka da shafin da bai kai ga rubutawa ba. A manyan injinan da nake kula da su nan Njamena har batir ake sa wa katin diski, SSD ɗinsu, wato diski marar faifai, kuma akwai 'yan kondansata a ciki da ke riƙe wuta ta ƙiftawar ido don a sauke abin da ke hannu, jikan dabarar janareton da Baba ya faɗa kenan. Kilen sefa 3,000 ba wanda zai sa masa wannan.

Yanzu aiki. Nemi kwamfuta mai batir ko mai ondilar, wato akwatin da ke riƙe wuta in an ɗauke, kar a ɗauke wuta muna tsaka, na san yanzu lokacin da ruwan madatsar lantarki ta Lagdo ke ja baya ne kuna shan yankewa. Sauke shirin ceto kaya TestDisk, kyauta ne, wani Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta shi, PhotoRec na cikin jakar tare. Abu na farko ka ɗauki hoton kilen gaba ɗaya, wato kwafin cikinsa cif cif, a cikin TestDisk akwai wurin yin haka, zai fitar maka da fayil ɗaya image.dd mai girman kilen, ka ajiye a kwamfuta, ka cire kilen ka mayar aljihu, duk gwajin da za mu yi a kan hoton ne. FAT32 yana ajiye kwafin shafin farkon nan a sashe na 6, in kwafin na da lafiya TestDisk zai nuna maka dosiyoyin da sunayensu ka kwashe. Abin da ya ƙi sai PhotoRec, shi ba ruwansa da littafi, ɗaki ɗaki yake bi yana shinshina kan buhu, wannan hoto ne wannan Word ne, sai dai sunaye ba za su dawo ba, lambobi za ka gani masu farawa da f a cikin recup_dir. Kuma ko da wasa kar ka zuba abin da ka ceto a kan kilen. In kwamfuta ma ba ta ga girmansa ba sam to ɗan injin ciki ne ya tafi, wannan ya fi ƙarfin shago, ka faɗa min kafin ka yi komai.

BabaDOS (Marwa)

Injiniya Allah ya yi albarka, wannan misalin na ɗan aike ko jikata za ta gane. Na manta ɗazu, masu gidan gem ma sun san wannan karatun, kart ɗin PlayStation in yana adanawa har rubutu yake fitowa kar a cire kar a kashe, yaro na nan unguwarmu ya taɓa shan mari a kan haka, kofin wata uku ya goge wa yayansa.

Dogo_Kusiri

toh naji. amma wani lokaci kana danna ejekte ya ce wai ana amfani da shi alhali ka rufe komai, mutum na sauri ya zai yi

Injiniya_235 (Njamena)

Yawanci antibayros ne ke lalube a ciki ko wata taga da ka manta. Jira kaɗan ka sake, in ya ƙi ka kashe kwamfutar ta hanyarta sannan ka zare. Diski na waje mai faifai kuwa ko ya yarda ka sa hannu a kansa ka ji ya daina rawa kafin ka ɗaga shi.

MaiTuri_Yelwa (Garwa)

Jama'a Alhamdulillah, ga yadda aka ƙare. Na ari kwamfutar hannu wajen abokina, hoton kilen ya ɗauki kusan awa ɗaya don kilen 16 GB ne kuma mai nawa, ina zaune ina kallon lambobi kamar mai jiran haihuwa. TestDisk ya ce shafin farko ya lalace amma kwafin na da kyau, yadda Injiniya ya faɗa sak, dosiyoyi suka fito da sunayensu, hotunan ƙauye duka 312 da Excel ɗin duk sun buɗe. Memwar ɗin ne dai sunan na nan amma girmansa 0. Na saki PhotoRec ya tono min Word guda bakwai, biyar sun ƙi buɗewa, ɗaya tsoho ne tun kafin jan biro, ɗayan kuma na ranar ne, gyaranmu yana ciki har shafi na 51.

Sauran shafi 33 Allah ya sa kwafin takardar nan da na buga mata yana nan, jiya bayan magariba ta zo da ƙaninta muka zauna muna bi layi layi, mun kai 70 aka ɗauke wuta, yau za mu ƙarasa. Wannan karon a cikin kwamfuta muke yi Adda, kuma ta tura wa kanta tun kafin ta tashi. Ban karɓi ko dala ba, na kuma saya mata sabon kile.

Baba na karanta wa Kawu amsarka daga farko har ƙarshe, da na zo wajen FILE0000.CHK sai ya yi dariya har da tari, ya ce akwai wata shekara da disket ɗin albashin ma'aikata ya kwana a kan rediyon ofis suka sake buga sunaye ɗari biyu da hannu, amma wai wannan daban ne, laifin masinja ne. Yana gaishe ka.

Injiniya wata tambayar kuma, ramukan USB na bayan kwamfutar nan guda huɗu ashe duk suna aiki, ƙura ce ta toshe su ban taɓa leƙawa ba. In sayi doguwar waya in jawo su gaba ko in sayi ɗan akwatin nan mai baki huɗu? Kuma ondilar ƙarami da zai riƙe kwamfuta ɗaya minti goma nawa yake kaiwa wajenku, don nan wanda aka nuna min batirinsa kamar ya sha ruwa.